Hanyar Ibadan da Idanun Addarsu

Sallama gare ku matan ajinmu na Ɗan Iya, da duk wadda takardar nan ta faɗa hannunta. Tun da muka dawo daga Ibadan duk wadda ta shigo dubiya sai ta ce in ba ta labarin ƙasar Yarbawa. In na fara, ban kai Jos ba wata ta yi sallama, sai in koma farko. Malamarmu ce ta ce tunda dai na iya rubutu, in zauna in rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta. A yi haƙuri da rubutun, da girmana na koya.

Ga wadda ba ta san mu ba, mu asalinmu Fulanin shanu ne, iyayenmu ne suka zauna cikin gari. Mara lafiyar 'yata ce ta fari. Ƙannenta suna ce mata Adda, ni kuma in zan ambace ta sai in ce Addarsu, sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. Ranar da na yaye ta Goggo Nenne, yayar babanta, ta goya ta ta tafi da ita Tirwun. A can ta girma, a can aka yi mata aure. Yanzu shekararta talatin da uku, 'ya'yanta biyu, tana koyarwa a firamare. A duk shekarun nan ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonta ba. Ba ƙiyayya ba ce, kun san kunyar ɗan fari.

Bayan ƙaramar salla ta yi taifot, ta sha magani ta tashi. Sati uku tsakani sai jiri. Daga jiri sai ƙwayar idonta ta fara rawa, sama, ƙasa, gefe, ba tsayawa, ko ta rufe ido ana ganin motsin ta ƙarƙashin fata. Kafaɗunta suna zabura, kofi ba ya zama a hannunta, magana tana fita a gutsure. An ce iska ce, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, ban ga laifin kowa ba. Likitan da ya duba ta a nan Bauchi bai ɓoye mana ba, ya ce a littafi kawai ya san ciwon. Ya ce jikin mutum yana da sojojinsa, in sun tashi yaƙi wani lokaci sukan kuskure su far wa ƙwaƙwalwa, wajen da ke riƙe ido da tafiya. Abu biyu ke tayar da su. Ko ƙwayar cuta irin ta taifot, wannan da magani yakan lafa. Ko kuma ciwon daji da ya ɓuya wani wuri a jiki, wannan kuwa ba lafawa sai an gano shi an cire. Ya rubuta mana takarda zuwa ga malaminsa a wani babban asibiti a Ibadan.

Ƙwayar cuta ce ko daji ne? Da wannan tambayar na hau mota.

Da ma Goggo Nenne ce za ta je, ita ce uwarta a idon kowa. Gwiwoyinta suka hana, ko bayi sai an riƙe ta. Mijin Addarsu kuma ga yara ga aiki. Aka duba aka duba, ba kowa sai ni. Ƙanena Buba, wanda ke kai shanu kudu, ya ce shi zai raka mu, wai ya san Badun kamar ɗakin uwarsa.

Bayan sallar asuba muka tashi a bas. Na sa Addarsu jikin taga, na bar tazara kaɗan tsakaninmu na ajiye ƙwaryar fura a wajen. Har Jos lafiya. Da muka fara gangara Hawan Kibo motar tana lanƙwasa, sai jikinta ya hau karkarwa, kanta yana bugun gilashi. Wata mata da ke bayanmu, Madam Rifkatu, 'yar Tafawa Ɓalewa mai kai acca Lokoja, ta miƙo hannu ta tallafe kan.

"Mama, ke ce uwar?"

Na ce e.

"Ta fari ce ke nan," in ji ta. "Na zauna da Fulani, na san ku. To matsa, ni ba ni da kunyar kowa."

Ta tsallako ta zauna tsakaninmu, ta kwantar da kan Addarsu a kafaɗarta. A wajen tsallakowar ta taka ƙwaryar, fura ta malale har ƙafar Buba. Ya ce shekara ashirin yana bin hanyar nan da shanu, ba saniyar da ta taɓa yi masa haka. Madam Rifkatu ta ce ai saniya ba ta biya kuɗin kujera ba. Har Addarsu sai da ta yi dariya, dariyar tana fita a yanke.

Mun wuce Akwanga da Keffi, muka ratsa gefen Abuja, cunkoso ya ci mana azahar. Da la'asar sakaliya muka kusa gadar kogin Kwara, inda Buba ya ce daga nan Arewa ta ƙare. Kafin gadar akwai shingen jami'an tsaro. Ɗaya ya leƙo, ya ga idon Addarsu, nan take ya ce a sauka. Ya yi zaton wani abu muka ba ta ta bugu, muna neman gudu da ita. Ya tambaye ta, maganarta ba ta fita. Ya karɓi katin shaidarta ya riƙe, ya juyo gare ni, da Hausarsa ta barikin soja.

"Kai ne mamansa? Mene ne sunansa?"

Na buɗe baki, na kasa. Buba zai amsa, jami'in ya ɗaga masa hannu ya ce ba shi ya tambaya ba. Ina ganin za a raba ni da ita a bakin kogi saboda kalma ɗaya. Sai na tuna da littafin ajinmu a jaka. Na ciro, na rubuta sunan da na babanta, na miƙa masa. Ya duba littafi, ya duba kati, ya dube ni.

"Bebe ne kai?"

Madam Rifkatu ce ta yi masa bayani da Turanci, Buba ya nuna takardar likita. Ya girgiza kai ya ce shi matarsa in ta kira sunan ɗansu na fari har unguwa ta uku ana ji. Ya bar mu muka wuce.

A Lokoja muka kwana, a wani masauki kusa da masallaci. Garin zafi kamar an rufe ka cikin tukunya, sauro kuma ba ya jin hayaƙi. Kifinsu dai ban taɓa cin irinsa ba. Da safe aka zo inda nake tsoro tun daga Bauchi, wato wanka. Addarsu ba ta iya riƙe soso. Na zaunar da ita kan kujera 'yar tsugunno da ɗaurin ƙirjinta, na juya fuskata bango, na riƙa kwara ruwa ta kan zanen. Ita ma kanta a sunkuye.

Daga Okene ƙasa ta canza. Itatuwa suka haɗe sama, ba ka hango nesa, ni da na saba ganin dutse daga ƙofar gida sai na ji kamar numfashina ya ragu. A bakin titi ga manja a jarkoki, ga wani ƙaton ɓera an banƙare shi a sanda ana ɗaga wa motoci. Da yamma muka shiga Ibadan. Garin ba shi da iyaka, rufin kwano mai tsatsa har inda ido ya tsaya. A nan ne ta bayyana cewa Badun ɗin da Buba ya sani kasuwar shanu ce kawai. Sau biyu ya sa ɗan tasi ya kai mu wata hanya, sai da muka tsaya muka tambayi wani mai tsire kafin muka sami Sabo, unguwar Hausawa.

Mun sauka gidan fatoman su Buba, mai saukar da fataken shanu. Matarsa a Sabo aka haife ta, ba ta taɓa ganin Arewa ba, tana tambayata ko gaskiya ne a Bauchi ana kwana a tsakar gida. Ta kawo mana baƙin tuwo na garin doya da wata miya mai yauƙi. Na yi ta juya ta da tsoro, ashe lalo ce tamu, sai dai barkonon da suka zuba a kai ya isa gidan biki. Mutanen garin kuma in suna hira sai ka rantse faɗa ake yi. Amma wajen gaisuwa sun fi mu. Na ga saurayi da rigarsa fara tas ya kwanta rub da ciki a ƙasa don tsohuwa.

Washegari muka je asibiti. Malamin likitocin dattijo ne gajere mai furfura, kowa yana ce masa Farfesa. Ba ya jin Hausa, sai wani matashin likita da ya yi karatu a Zariya ya yi mana tafinta. Da Farfesa ya ga idon sai ya aika aka tara masa ɗalibai, suka kewaye ta suna rubutu. Raina bai so ba, amma na ce ko ba komai ga wanda ya san abin. Ya yi tambayoyi, ya sa ta bi yatsansa da ido, ya ƙwanƙwasa gwiwarta. Sannan ya ce zai duba ƙirjinta da hammatarta, don a mace mai shekarunta nan ne daji ya fi ɓuya.

Addarsu ta damƙe hijabinta da hannu biyu, hawaye suka zubo. Ga maza sun fi goma a tsaye. Ni kuma sai na ji bakina ya riga ni.

"Ni nake mata wanka," na ce. "Babu komai a jikinta."

Tafinta ya sake tambayata, "Mama, kin tabbata? Ba kumburi, ba ƙullutu?"

Na ce na tabbata.

Farfesa bai matsa ba. Ya ce to, likita mace za ta duba ranar da layin hoton ƙirji ya zo kanmu, nan da kwana goma sha biyu. Na ga ya rubuta abin da na faɗa a fayil. Aka kwantar da ita, aka ɗebi jini da ruwan ƙashin baya, aka ɗaura mata ruwan magani na kwana biyar don ya kwantar da sojojin jikin. Tafinta ya ce mini tunda taifot ya riga, wataƙila shi ne. Na riƙe wannan wataƙilar da hannu biyu.

A ɗakin mata muka haɗu da Iya Basira, Bayarbiya mai jinyar surukarta a gadon da ke kusa da namu. A Jos ta tashi, Hausa a bakinta kamar ruwa. Ranar farko ta karanta sunan da ke jikin gado, ta haɗa shi da Mama ta kira ni da shi, da ƙarfi, gaban kowa. Su haka suke, da ɗan fari ake kiran uwa, abin alfahari ne. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage. Na roƙe ta ta riƙa ce mini Mama Bauchi.

Kwana uku da fara ruwan, idon ya ɗan lafa, har ta sha koko da hannunta. Na kira Goggo Nenne na yi mata albishir. Rana ta biyar ruwan ya ƙare, ta shida abin ya dawo fiye da da. Farfesa ya zo zagaye ya tsaya ya daɗe yana kallonta bai ce komai ba. Ba sai an yi mini tafintan wannan shirun ba.

A safiyar nan na kai ta bayi na yi mata wanka yadda na saba. Ƙofar ba ta rufuwa sosai. Da muka fito Iya Basira tana tsaye da bokitinta.

"Mama Bauchi, wannan wanka ne ko ban ruwan shuka?"

Na ce haka muke yi, 'yar fari ce.

"Na ji. Amma ke ba ki ce wa Farfesa kin duba jikinta ba? Ni ina nan ranar da ɗalibai suke karanta fayil ɗin."



"Kunyar nan taku," in ji ta, "in abu ya lalace ita za ta kwanta a gadon, ko yarinyar? In ba za ki iya ba ki ba ni soso. Na wanke uwar mijina, wadda ba ta taɓa sona ba, balle wannan."

Na kusa miƙa mata. Har na ɗaga hannu. Sai na tuna ba Iya Basira ce ta ce wa likita babu komai ba.

Bayan azahar na ja labulen gado, na kawo ruwan ɗumi a roba da ɗan tawul. Na zauna a bakin gadon, abin da ban taɓa yi ba. Na ce mata zan goge mata jiki, ta yi haƙuri. Ta juya fuska. Na kwance zanen. Rabona da ganin jikin nan tun tana rarrafe. Na fara daga wuya, na bi kafaɗa, na yi dama ban ji komai ba. A hagu, can sama kusa da hammata, yatsana ya ci karo da shi. Bai fi ƙwallon dabino ba, da tauri, na tura bai motsa ba.

Na ce, "Tun yaushe?"

Da ƙyar maganar ta haɗu. "Tun kafin azumi."

"Wa kika faɗa wa?"

Ta girgiza kai. Ta ce Goggo hawan jini gare ta. Baban yara kuma ta yi ta cewa gobe.

"Ni fa?"

"Inna," in ji ta, "ta ina zan fara?"

Na mayar mata da zane, na gyara mata filo, na fita neman tafinta. Na same shi a baranda yana cin gyaɗa. Na ce masa, "Ɗana, ka kai ni wajen Farfesa. Ƙarya na yi masa." Duk tsawon barandar nan ina shirya yadda zan ɗauki faɗa. Farfesa ya saurara, ya cire tabarau ya murza ido. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki waya, kafin la'asar likita mace ta zo. Washegari aka yi hoto, aka sa allura aka ɗebi ɗan nama daga wajen.

Kwana tara muka jira. Ba zan iya ba ku labarin kwanakin nan da kyau ba, don ban san yadda suka wuce ba. Na san dai Buba ya daina barkwanci, ya koma zama a masallacin asibiti. Iya Basira kullum sai ta kawo mini alala a ganye ta tsaya a kaina sai na ci. An sallami surukarta a rana ta bakwai, amma a rana ta tara sai ga ta ta dawo, wai ta manta bokiti.

Daji ne. Farfesa ya faɗa a hankali, tafinta ya maimaita a hankali. Ya ce ƙarami ne, ya ɗan taɓa hammata, hoto bai nuna ya wuce nan ba. Ya ce ba taifot ne ya tayar da sojojin jikinta ba, wannan ne, kuma da idon bai yi rawa ba da wataƙila sai ya girma za a sani. Na tambaye shi abin da ke cina, ko kwana shidan da ƙaryata ta ci sun cuce ta. Ya ce kwana shida ba su ne abin ji ba, watannin baya ne, kuma ba zai yi mini alkawarin abin da ba ya hannunsa ba.

Mijinta ya iso kafin aikin tiyata, shi ya sa hannu. Aka cire maman hagu gaba ɗaya. Bayan sati biyu zaburar kafaɗa ta ragu, ta fara takawa tana dafa bango, magana ta fara haɗuwa. Idon ne ya fi daɗewa. Sati bakwai cif muka yi a Ibadan. Dawowar ba ni da abin faɗa a kanta, hanya ɗaya ce, sai dai wannan karon kanta a cinyata yake tun daga Ife har Toro.

Ranar sallama Farfesa ya ba ni aiki. Ya ce sauran magani, irin mai zubar da gashi, za a ci gaba da shi a nan kusa da gida, mu koma wajensa bayan wata uku. Kafin nan, kullum da safe in zauna gabanta, in ɗaga yatsa saitin hancina, ta kalle shi, ni kuma in kalli ƙwayar idonta in ƙirga ashirin. In rawar ta dawo da ƙarfi, kada in jira wata uku, yana iya zama abin ne ya sake motsi. Ya sa na gwada a gabansa sau biyu, don na farkon ƙasa na kalla.

Yanzu tana ɗakina. Gashin ya fara zuba, abinci ba ya mata daɗi, kofi dai yana zama a hannunta. Masu tambayata ko ta warke, ban sani ba, likitan ma bai sani ba, ku ci gaba da sa mu a addu'a. Kwana ashirin da shida ke nan ina aikin da aka ba ni. Sau biyu na ga idon ya ɗan girgiza, na yini ban ci abinci ba, washegari ya tsaya. Yau da safe bayan mun idar da salla na jawo kujera na zauna gabanta, na ɗaga yatsa. Idon ya tsaya cak. Ashe akwai ɗan ɗigon baƙi a farin idonta na dama, irin na mahaifiyata. Ina ta kallo.

"Inna," in ji ta, "kin wuce ashirin."

Na ce ta yi shiru, ban gama ba.